Ƙwaryar da Ta Zo Ba Nono

Zariya, 4 ga Disamba

Zuwa ga angona Modibbo, a rugar Rafin Ɗorawa, ƙasar Kusada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Baffa Ummaru da Baffa Kamalu da iyalansu, da shanu har da 'yan maruƙa. Ya ƙafar? Har yanzu tana yi maka gardama da safe? Ni lafiya lau nake, sai karatu da ya sa ni gaba, da tuwon makaranta wanda ko kaza ka jefa da shi sai ta yi ɗingishi.

Na san ba ka son waya. Kai ka ce ba ta da kunya, takan faɗo wa mutum ɗaki ba sallama. Shi ya sa na ba Sada direba wannan takarda ya ajiye a wajen surukarka Ma'u, inda take sayar da nono a kasuwar Kankia. Shekara biyu ke nan da rasuwar Kaka Zuliha, kai kaɗai ka rage mini a tsofaffin danginta. Ita takan ce kai ƙaninta ne na nesa, sai an ƙirga kakanni kafin a iso kanka. Ni ba ruwana da ƙirga. Na dai yi miji, tsoho ne, amma yana da shanu.

Albishirinka. Ka san madatsar da mutanen Kafinsoli ke yi kowace shekara a Rafin Ɗorawa, ƙasa kaɗan da idon ruwa, don ban ruwan lambu. Tun ina yarinya take yoyo. A toshe nan, ta ɓulle can, ruwa yana ta zurarewa gangare a banza. To da na je hutu na sa Yaya Haladu gaba, tunda shi ne shugaban masu lambu yanzu. Muka tona har muka tarar da yumɓu, muka danƙare, muka jera buhunan yashi hawa uku. Yanzu ko ɗigo ba ya wucewa. Ka ga amfanin amarya mai karatun ruwa?

Da ma ka ga tafkin da ya taru. Da la'asar na tsaya a bakinsa, balbelu sun sauka, sararin sama duk ya kwanta a ciki. Sai na ga kamar kore ya tashi daga ƙafata ya miƙe har Fakuwa, albasa da tumatir da alkama, ba ko tazara. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Yaya Haladu har ya ƙara fangali arba'in na albasa.

Magana ta biyu. Malaminmu ya shirya zama na duk masu amfani da rafin nan, ranar goma ga Janairu a Kankia: masu lambu, makiyaya, masu ɗibar yashi, har mata masu wanki. Kowa zai faɗi damuwarsa, a rubuta, a daidaita. Kai ne za ka yi magana da yawun makiyayan gangare. Ka zo da farin rawaninka, kada ka ba ni kunya a gaban mutane.

Amaryarka,
Sumaiya

*

Ruga, ranar Laraba, sanyi ya kankama

Da sunan Allah. Daga Modibbo zuwa ga amaryarsa mai gudun miji, Sumaiya jikar Zuliha.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso bayan ta yi kwana tara a aljihun Sada, har ta ɗauki warin fetur. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafa tana nan, ni da ita mun saba, in ta ƙi tashi sai in zauna mu yi hira. Shanu suna gaishe ki, musamman Mai Ƙaho Ɗaya. Kin san ta fito ne daga tsatson karsanar da Zuliha ta bari a ruga ranar da aka kai ta gidan manoma a Kafinsoli. Halinsu ɗaya, in ta kafe ba mai ture ta.

Na ji labarin madatsa. Hannunki yana da kyau, Allah Ya sa albarka.

A nan wajenmu rafi ya yi shiru da wuri bana. Kin san yadda muke yi da rani: mu tona rami a cikin yashi, ruwa ya tsattsafo, shanu su sha. Tun tasowata ramin nan iyakarsa gwiwa. Bana ya wuce ƙugu, jiya Kamalu ya shiga sai ƙirjinsa. Abin da ke taruwa tun asuba, shanu goma ke shanye shi. Labari nake ba ki, tunda ke mai karatun ruwa ce.

Shekaranjiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a gindin ɗorawa, sai na ga Zuliha. Ba tsohuwar da kika sani ba, yarinyar da na sani, da kitsonta har kafaɗa. Tana tafiya a tsakiyar rafi, ruwa yana bin ta a baya kamar ɗan maraƙi. In ta tsaya ya tsaya, in ta taka ya taka. Na kira ta, ta waiwayo tana dariya, ta nuna mini hannunta, ba komai a ciki. Na farka na tarar da ganyen ɗorawa ya zubo mini a gemu. Na yi kewarta ƙwarai a ranar.

Babban yaron nan, wanda bakina ba ya faɗin sunansa, ya fara kallon kudu. Ya ce in zafi ya shigo ramin bai dawo ba, za a tashi. Ba tashin rani yake nufi ba, wanda ake dawowa da ruwan fari. Tashi ne gaba ɗaya. Shekarata sittin da ɗaya a gindin ɗorawar nan, uwar yaran tana kwance arewa da ita. Ƙafata ba za ta kai ni kudu da daɗi ba, zuciyata ma ta riga ƙafar ƙi. Amma Bafillace ba ya zama inda shanunsa ba sa nan. In sun tafi, dole in bi.

Na ba Ma'u ƙwarya ta kai wa Haladu. Tsohuwar ƙwaryar gidanmu ce, mai zane a baki, wadda aka ɗinke tsagar gindinta. Ba komai a cikinta, ko faifai ban sa an rufe ba. Ki tambaye shi ko ta isa.

Zan zo taronku in Allah Ya kai mu. Rawani kuwa sai kin zo kin wanke, tunda aikinki ne.

Modibbo

*

Zariya, 15 ga Janairu

Angona,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya, motar kasuwa ba ta jijjiga maka ƙafa da yawa ba. A gaishe mini da kowa da kowa. Ni na dawo makaranta da mura, amma ta sauka.

Kai, amma ka fitar da ni kunya! Har yanzu malaminmu yana zancenka. Ka ga yadda masu lambu suka riƙe lasifika kamar za su tafi da ita gida, masu yashi suna ta musu da mata masu wanki, har sai da aka tsawatar. Da aka zo kanka, Malam ya ce, "Baba, ku makiyaya mene ne damuwarku game da rafin nan?" Ka miƙe a hankali, ka gyara sanda, ka ce, "Lahiya lau muke, sai godiya. Allah shi ƙara zumunci." Ka zauna. Ɗakin nan kaf aka yi tafi. A rahoton da na rubuta na sa cewa makiyayan gangare ba su da ƙorafi. Malam ya ce bai taɓa ganin zama mai sauƙi irin wannan ba.

Sai dai ka gudu tun kafin a kawo abinci. Na fito nemanka, aka ce ka bi hanyar tasha. Na kuma ga ka daɗe kana kallon Yaya Haladu lokacin da ya durƙusa yana yi maka godiyar tsaraba. Ko ka ga ya yi ƙiba ne? Albasa ce, tun ba a cire ba ta fara yi masa kumatu.

Ƙwarya ta isa tuntuni. Matarsa Karima kamar ta yi rawa, ta ce ba a samun irin wannan zanen yanzu. Ta goge ta da man gyaɗa, ta sa mata igiya, ta rataye a bangon ɗakinta sama da jeren kwanoni. Duk wadda ta shigo sai ta tanka. Ni dai kishi nake ji, ka aika wa matar wani ƙwarya, amaryarka ko ludayi.

Game da ramin mashaya, na duba littafin awon ruwan sama. Daminar bana ta gaza ta bara, kuma ko'ina haka ake kuka, har Rimaye. In an yi haƙuri zai daidaita. Baffa Ummaru kuwa, ai kowace shekara sai ya yi zancen kudu, Kaka ma takan ce tun yana saurayi idonsa ke kan hanya. Kai dai ka faɗi gaskiya, so kake ka gudu ka bar ni.

Mafarkinka ya tsaya mini a rai. Ina ganin alama ce Kaka tana cikin rahama, ruwa yana bin ta. Ni ma wani lokaci in ina cikin aji sai hankalina ya tafi, in gan ni a kwalekwale daga tafkin Kafinsoli, ina gangarowa har ƙofar rugarku, kana tsaye da rawanin da ban wanke ba.

Taka,
Sumaiya

*

Zariya, 21 ga Fabrairu

Modibbo,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mako biyar ke nan ban ga amsarka ba. Na tsare Sada a tasha, ya rantse ya kai waccan takardar. Ya ce amma kasuwa uku ke nan bai ga Ma'u a inda take zama ba, sai wata maƙwabciyarku ya ba. Ko ba ta da lafiya ne? Ko ƙafar ce ta tsananta kuka ɓoye mini?

In fushi kake don na ce za ka gudu, wasa nake, ka sani. Ba ka taɓa yin shiru haka ba. Ko layi biyu ne ka rubuto, hankalina ba ya kwance.

Sumaiya

*

Ruga, ranar Talata

Da sunan Allah. Zuwa ga Malama Sumaiya.

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun iso. Jikina lafiya, Ma'u ma lafiyarta ƙalau. Ba ta zuwa kasuwa ne don babu abin da za ta kai. Shanu suna tafiyar rabin yini kafin su sha, nono ya ɗauke. Maruƙa huɗu sun mutu. Ban rubuto ba don ba ni da labari mai daɗi.

An sa rana. Alhamis ta sama, kwana tara daga yau, za mu tashi da hantsi. An samo mini jaki.

Na ji an rataye ƙwarya a bango. To, wannan ma amsa ce, na kuma karɓa. Ban yi zaton haka ba, don a zamanin Zuliha ƙwaryar nan ba ta taɓa kwana biyu a Kafinsoli ba. Mai nono ba ya aika ƙwarya wayam sai in ƙishi ya kai masa wuya, mutanen sama kuma sun san abin da suke yi in sun gan ta. Haka iyayenmu da naku suka ajiye. Ranar taro da Haladu ya durƙusa yana godiyar tsaraba, na dube shi in ga ko ba'a yake yi mini. Ban gane ba, sai na bar wa Allah.

Kin ce na fitar da ke kunya. An sa mini lasifika a baki, a gaban mutum sittin, wasu sa'o'in jikokina, aka ce in faɗa musu ina jin ƙishi. Ban iya ba, ba a koya mini ba. Kuma na riga na yi maganata tun kafin in zo, na ɗauka an ji.

Ba ni da haushin kowa. Ruwa a ƙasarku yake ɓullowa, ku kuka tare shi da ƙarfinku. Jiya na je arewa da ɗorawa na yi wa uwar yaran sallama, na share wajen, na ƙara duwatsu. Na daina mafarkin rafi. In barci ya ɗauke ni yanzu, hanya kawai nake gani, doguwa, da ƙurar shanu.

Ki yafe mini duk abin da na yi miki. Ki riƙa sa Zuliha a addu'a. Allah Ya ba ki sa'ar karatu.

Modibbo

*

Kafinsoli, Litinin da hantsi

Modibbo, Modibbo,

Assalamu alaikum. Ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, Sada yana jira a kan babur, na ce ya kawo maka hannu da hannu. Takardarka ta same ni ranar Asabar. Da na ga ka rubuta Malama Sumaiya, gabana ya faɗi tun ban karanta sauran ba. Ban san na iso tasha ba.

A mota ne abin ya dawo mini. Ina 'yar shekara shida, wata shekara mai zafi, wata Bafillatana ta shigo gidanmu ta ajiye ƙwarya a gaban Kaka, ba ta ce komai ba. Kaka tana kaɗi. Ta leƙa ciki, ta yar da mazari, ta ɗauki fartanya ta fita, maza suka bi ta a guje. Na tuna ruwa yana ɓallewa, ni da yara muna bin sa muna ihu. Duk shekarun nan na ɗauka wasa aka yi mana.

Da na iso jiya ban ko zauna ba, na shiga ɗakin Karima na sauke ƙwaryar, na kai wa Babba, tsohon da ya fi kowa daɗewa a lambu. Ya juya ta, ya ga ɗinkin. Ya ce, "Yaushe ta zo?" Na ce wata uku. Ya yi salati. Ya ce in ta zo, kwana uku ake buɗe madatsa, a mayar da ƙwaryar cike da gero. Sannan ya ce, "Ɗiyata, yoyon nan da kika toshe ba lalacewa ba ne. Rabon mutanen gangare ne, da gangan iyayenmu ke barin shi." Na ce, Babba, kana tsaye muka toshe, me ya hana ka magana? Ya ce, "Mun ga kin taho da takarda daga Zariya, muka ce ƙila zamani ya sake."

Ka gani? Kai ka yi shiru don kunya, su sun yi shiru don karatuna, ni kuma ina ta rubuta cewa kowa lafiya. Ni na kashe maruƙan nan, Modibbo. Na yi kuka har Karima ta riƙe ni, ita ma tana yi.

Ba a sha da daɗi ba wajen masu lambu. Bayan la'asar muka taru a bakin madatsa. Saura kwana ashirin a cire albasa, in aka buɗe kwana uku ruwa zai ja baya har tiyon inji ya kasa kai masa. Yaya Haladu ya fusata, ya ce, "Mi ya hana shi faɗi? Ba baki gare shi ba? Gaban kowa aka tambaye shi!" Na ɗaga ƙwaryar na ce ya faɗa, mu ne muka shafa wa maganarsa mai muka rataye. Wani ya ce a jira a cire albasa tukuna. Babba ya ce kafin nan babu wanda za a buɗe wa. Ya tambaye su, in rugar ta tashi, shanun wa za su kwana a gonakinsu bayan girbi su bar musu taki? Aka yi ta ja har rana ta yi ja. Yaya dai ya koma gefe ya tsuguna, yana kallon sababbin fangalinsa arba'in.

Yau bayan sallar asuba ya fita shi kaɗai. Da muka isa mun tarar ya cire buhun farko da hannunsa. An daidaita: kwana uku a buɗe, bayan haka a bar kafa mai faɗin tafin hannu har abada, masu lambu su riƙa ban ruwa bi da bi. Fangali arba'in ɗin nan ya haƙura da su.

Ruwa yana hanya. Amma yashi ya bushe ƙwarai, yana shanye shi yana tafiya, ban san yaushe zai iso ba. Duk lissafin da na iya ya ƙi ba ni amsa. Don Allah ka roƙi Baffa Ummaru ya jira. Da na zo da kaina, amma ba zan iya haɗa ido da kai ba.

Sumaiya

*

Ruga, ranar Asabar

Da sunan Allah. Zuwa ga jikar Zuliha.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina rubuta wannan a gindin ɗorawa, kin ga ke nan ban hau jaki ba. Ki share hawaye ki karanta a hankali.

Na karanta wa babban yaron nan takardarki. Ya saurara da ladabi, ya ce shanu ba sa shan takarda, amma in ruwa ya iso kafin Alhamis ya fasa. Talata muka zauna a bakin rafi, ba komai. Laraba ma haka, sai iska tana wasa da yashi. Alhamis da sassafe aka fara ɗaure kaya.

Ban san abin da ya shige ni ba. Na ɗauki sanda na sauka cikin rafi na fuskanci sama. Na ce wa Kamalu zan je in dawo. Da na waiwaya sai ga Mai Ƙaho Ɗaya a bayana, ba wanda ya kira ta. Muka yi ta tafiya, tsoho da tsohuwa, ƙafata ta manta da gardamarta. Na wuce inda muke wanka muna yara, na wuce dutsen da Zuliha ke zama tana wanke ƙore. Rafi shiru, ko tsuntsu babu. Har na fara tunanin ko barci nake a gindin ɗorawa.

Saniyar ce ta fara ji. Ta ɗaga hanci, ta yi wani kuka, ta wuce ni da sassarfa. Sannan ni ma na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muna shan kwana sai ga shi. Faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, yana turo kumfa da karmami a gabansa. In ya tarar da rami sai ya tsaya ya cika shi, sannan ya ci gaba, ba gaggawa. Na tsaya har ya zo ya taɓa mini yatsun ƙafa. Sanyinsa ya hau har kaina.

A bayan ruwan kuma ga mutum biyar da fartanya, wanduna a naɗe, suna share masa hanya. Na gabansu Haladu ne, ya yi baƙi, ya faɗa, kumatun albasar duk sun tafi. Kwana uku suna bin ruwan nan a ƙasa, inda yashi ya tare su buɗe, inda zai ɓace cikin kwazazzabo su toshe. Ƙwaryata tana ɗaure a bayansa cikin zanen matarsa, kamar goyo.

Ya durƙusa a cikin laka ya miƙo mini ita cike da gero. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Amma don Allah in kun sake jin ƙishi ku hwaɗa mini da baki, ni ban iya karatun ƙwarya ba." Na ce, "Ni kuma ban iya lasifika ba." Muka yi dariya har saniya ta ɗago kai. Muka hau gaɓa muka zauna a inuwa, muka yi maganar da ba mu yi a Kankia ba. Ya faɗi tsoronsa, ni ma na faɗi nawa, tunda ba kowa sai mu da ruwa. Muka ajiye cewa kowane sabon wata mutum ɗaya daga lambu zai gangaro ya shiga raminmu da ƙafarsa. In ya wuce gwiwa, ya koma ya faɗa, ba sai mun aika ba. Ki sa wannan a rahotonki, ki goge wancan layin.

Ruwa ya iso mashaya da la'asar, muna biye da shi. Babban yaron nan ya riga ya tafi tun hantsi da yawancin garken. Ya jira ni har rana ta ɗaga, sannan ya ce wa Kamalu, tsohon nan ba zai bar wurin nan ba. Ya ware shanu sha ɗaya ya bar mana. Ya ce in ramin ya dawo gwiwa, zai waiwayo da ruwan fari. Ban sani ba ko zai dawo. Ruga ta yi faɗi, jikokina tara sun bi shi, ban ko yi musu sallama ba. Wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma maruƙa ba ke kika kashe su ba. Dukanmu muka taru muka yi shiru.

An juye geron. Yau da safe Ma'u ta tatsi Mai Ƙaho Ɗaya, abin da aka samu da ƙyar ya rufe ɗinkin gindin ƙwarya. A al'ada da nono ake mayar da ita Kafinsoli, komai ƙanƙantarsa. Ba zan ba Ma'u ba, ba zan ba Sada ba.

Shekarata saba'in da takwas, ban taɓa roƙon mutum komai da bakina ba. Yau zan gwada, in ban iya ba ki yi mini uzuri. Amaryata, ina roƙonki ki zo ki ɗauka da kanki. Ina son ganinki. Ki yi sauri, nono ba ya jira.

Angonki,
Modibbo